Kowa na ce mini "bincike ya nuna": ta ina hedimasta zai kama?

"Assalamu alaikum Malam. Ni hedimasta ne a wata makarantar firamare ta gwamnati. Yaranmu sun kusa dubu, malamai kuwa ba su kai ashirin ba. Wani ɗan garinmu mai hali ya yi alkawarin ba mu gudummawar kuɗi, ya ce mu zauna da kwamitin makaranta mu yanke abin da za a yi da su. Mun yi ta zama ba mu daidaita ba. Wasu na son a sayi kwamfutocin hannu, wasu sun ce littattafai, wasu kuma sun ce a ɗauki malaman sa-kai a rage cunkoso a aji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kowane ɓangare sai ya ce bincike ya nuna nasa ne daidai. Shin binciken nan abin dogaro ne ga irinmu, ko na Turawa ne kawai? In abin dogaro ne, yaya mutum zai yi aiki da shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, kai kuma ya ba ka ikon sauke nauyi. In na fahimce ka da kyau, abu biyu ka haɗa. Na farko, ko binciken da ake yi a kan makarantu yana da wani amfani ga makaranta irin taka, mai cunkoso da ƙarancin malamai. Na biyu, yadda za ka yi da ɓangarori uku da kowanne ke riƙe da nasa "bincike ya nuna". Amsar ta farko ita ce e, yana da amfani, kuma ka yi sa'a, domin duk abubuwa ukun da kwamitinku ke gardama a kai an gwada su a makarantun talakawa, an kuma auna abin da ya biyo baya. Sai dai bincike ba zai hau kujerarka ya yanke maka hukunci ba. Inda ya fi ƙwarewa shi ne ya nuna maka wuraren da wasu suka riga suka zuba kuɗi suka tashi a tutar babu, ya kuma rage maka yawan hanyoyin da za ka tsaya kana wasi-wasi a kansu.

Wane irin bincike ake nufi

Ba duk abin da aka kira bincike ne ke amsa irin tambayarka ba. Mu da muka bi ta kwalejin ilimi mun san irin wanda ake raba wa malamai takardar tambayoyi, kowa ya zaɓi "na yarda" ko "ban yarda ba", a tattara a ɗaure kundi. Wannan ra'ayin mutane yake gaya maka. Bai gaya maka ko yaron da bai iya karatu ba a farkon shekara ya iya a ƙarshenta.

Wanda ke da nauyi a wurin mai yanke shawara shi ne wanda ake kwatanta rukuni biyu. A ɗauki makarantu, a ce ɗari, a jefa ƙuri'a, rabi su samu sabon abin, rabi su ci gaba yadda suke. A gwada yara tun farko, a sake gwada su bayan shekara ko biyu. Ƙuri'ar nan ita ce ƙashin bayan aikin. Da makarantun da hedimastocinsu suka yi ta zarya a ofis suna roƙo aka ba kayan, ko an ga ci gaba ba za a san ko kayan ne suka kawo shi ba ko kuwa himmar hedimastan ce, wanda dama ko ba kaya zai motsa makarantarsa.

Daga wurin likitoci masu gwajin magani aka aro wannan salon. Jihar Tenesi ta Amurka ta yi babban gwaji da shi a kan girman aji daga 1985. Daga shekarun 1990 masana tattalin arziki suka shiga yin irinsa a ƙauyukan Kenya da unguwannin talakawan Indiya, har uku daga cikinsu, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, suka samu kyautar Nobel a 2019. A Ingila gwamnati ta ba da fam miliyan 125 a 2011 aka kafa gidauniyar EEF, wadda ke tattara sakamakon gwaje-gwaje ta jera wa shugabannin makarantu: wannan abu kuɗinsa kaza, ci gaban da yake kawowa kamar na wata kaza, ƙarfin hujjarsa kaza. Sannan akwai kwamitin masana da Bankin Duniya da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suka haɗa, wanda ya fitar da rahoto a 2020 ya sabunta shi a 2023, musamman don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ka ga ke nan ba na Turawa ba ne kawai. Mai yawa daga cikinsa an yi shi ne a azuzuwan da yara tamanin ke zaune a ƙasa.

Abubuwa ukun da kuke gardama a kai

Mu fara da kwamfuta, tunda ita ce ta fi ɗaukar ido. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kowane yaro da tasa. Masu bincike suka bi diddigi a makarantun karkara 319, sakamakon ya fito a 2012. Bayan wata 15 yara sun iya sarrafa na'urar, amma a lissafi da harshe ba su ɗara waɗanda ba a ba su ba. Wannan bai sa a ce kwamfuta ba ta taɓa aiki ba. A birnin Delhi an gwada wata manhajar kwamfuta da ke fara gano inda kowane yaro ya tsaya ta ba shi aiki daidai da shi, kuma yara sun ci gaba sosai cikin 'yan watanni. Amma a can akwai cibiya, akwai wuta, akwai mai kula, akwai manhajar da aka yi shekaru ana gyarawa. Abin da nake yawan tararwa a namu makarantun shi ne ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, makullin yana aljihun mutum ɗaya, kwamfutocin na cikin kwalayensu saboda batirin sola ya mutu kuma babu kasafin sayen wani. Ranar da baƙi za su zo ake kakkaɓe su.

Littattafai kuwa, nan ne sakamakon ya fi ba mutane mamaki. A gundumomin Busia da Teso na yammacin Kenya an raba littattafan manhaja ga makarantun da ƙuri'a ta faɗa wa, tun daga 1996. Da aka auna, matsakaicin makin yara bai motsa ba. Waɗanda suka amfana su ne 'yan gaban aji, waɗanda dama sun fi kowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma an tsara su ne don yaron da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da manhaja. Wanda bai iya haɗa baƙi ba, ko ka ɗora masa littafi goma a cinya, hotuna zai kalla.

Rage cunkoso shi ne wanda zuciyar kowane malami ke karkata gare shi, kuma ba zan ga laifin kowa ba. Gwajin Tenesi ya nuna amfani, to amma duba lambobin: an kwatanta aji mai yara 13 zuwa 17 ne da mai yara 22 zuwa 25. Ajin da suke kira babba, a wurinka rabin layi ne. Wanda ya fi kama da halinka an yi shi a Kenya, inda aka ba makarantu kuɗin ɗaukar ƙarin malamin kwantiragi, aji ɗaya ya sauko daga yara 82 zuwa 44 a matsakaici. Yaran da suka ci gaba da zama da malaman gwamnati ba su nuna wani ci gaban a zo a gani ba, duk da ajin ya ragu da kusan rabi. Wani ɓangare na dalilin shi ne tsofaffin malaman sun sassauta, suka riƙa barin sabon da aiki. Yaran da suka faɗa hannun malamin kwantiragi su ne suka ci gaba, kuma abin ya fi kyau a makarantun da aka horar da kwamitin iyaye kan sa ido. In za ku ɗauki masu sa-kai, wannan gargaɗi ne kai tsaye gare ka: ranar da suka fara aiki, ka lura da wanda zai fara zaman gindin bishiya.

In ka jera waɗannan ukun za ka ga zare ɗaya ne ya ɗinke su. An ƙara kaya ko mutane, amma abin da ke faruwa tsakanin malami da yaro bai canza ba. Malam na nan yana bin manhajar aji huɗu, yaran kuwa da yawansu suna matakin aji ɗaya. Shi ya sa wancan kwamitin masana ya sa sayen na'urori kawai, da zuba kayan aiki ba tare da canza koyarwa ba, a sahun cinikin da ba ya biyan kuɗinsa.

Ka fara auna yaranka

Kafin ku koma zama na gaba, akwai binciken da ya fi duk waɗannan kusa da kai, kuma ba ya cin ko kwabo in ban da takarda. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta a shekara goma. Wannan adadi na nahiya ne. Kai naka kake buƙata.

Ka samu takarda ɗaya ka kasa ta huɗu da Hausa: haruffa a warwatse, kalmomi masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu, sai ɗan labari. Kada ka ɗauko daga littafin da ake karantawa a aji. Ka zauna da yaran aji uku zuwa biyar ɗaya bayan ɗaya, ka fara da sakin layin. Wanda ya karanta ka hau da shi labari, wanda ya kasa ka sauko da shi kalmomi, in ya kasa ka sauko haruffa. Ka rubuta inda kowa ya tsaya. Haka za ka yi da lissafi: gane lamba, tarawa, ɗebewa mai aro, rabawa. 'Yan mintuna ne kowane yaro, in kun raba aikin da malamai biyu ko uku ba zai wuce mako ba.

Dalilin da ya sa na ce kada ka yi amfani da littafin aji shi ne abin da na sha gani. Na taɓa zama da wata yarinya 'yar aji huɗu da malaminta ya gabatar mini a matsayin gwanar aji. Ta buɗe shafi ta zuba shi tiryan-tiryan, har da tsayawa a wurin aya. Sai na ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe ta layi na uku na ce ta karanta mini ita kaɗai. Ta dubi kalmar, ta dube ni, sai na ga leɓenta na motsi: ta koma farkon shafin tana bi a zuci don ta iso wurin. Hadda ce. Malam ya faɗa, aji ya amsa, har shafin ya zauna. Yarinyar na da kai ƙwarai, malamin kuma ba ƙarya ya yi mini ba, shi ma abin da ya ɗauka ke nan. Jarrabawar ƙarshen zango ba ta kama irin wannan, tunda daga abin da aka haddace ake tambaya.

In sakamakon ya fito, ka rubuta shi a allo a gaban kwamiti: a aji huɗu yara kaza ne ke karanta labari, kaza ba su wuce haruffa ba. Na ga gardamar da aka kwashe makonni ana yi ta mutu a gaban irin wannan allo, domin tambayar ta tashi daga "me za mu saya" ta koma "me za mu yi da yaran nan".

Inda hujja ta fi ƙarfi

In matsalarka ta fito kamar yadda nake zato, hanyoyi biyu ne suka fi samun goyon bayan gwaji a ƙasashe irin namu, kuma duka biyun sun iso arewacin Najeriya.

Ta farko ita ce koyar da yaro daidai matakinsa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta raine ta. A ware awa ɗaya ko biyu a rana, a manta da aji, a kasa yara bisa abin da suka iya: masu haruffa wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. A riƙa sake gwada su, wanda ya haye a matsar da shi gaba. An gwada ta a Borno, an kuma gwada ta a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano daga 2019, don haka akwai malamai da jami'ai a yankinmu da suka taɓa yin ta da hannunsu.

Amma tarihin yadda ta yi a Indiya ya fi sunanta amfani a gare ka. Da masu sa-kai suka yi ta, ta yi aiki. Da aka ɗauke ta aka miƙa wa malaman gwamnati a jihohin Bihar da Uttarakhand, aka ba su bita da kayan aiki aka ce su haɗa da darasinsu na kullum, kusan babu abin da ya canza. Malamai sun halarci bita, sun karɓi kaya, suka koma suka ci gaba da bin manhaja, domin a kan kammala manhaja ake tuhumarsu. A wuri ɗaya abin ya yi tasiri a hannun malaman Bihar ɗin nan: a karatun hutu, inda babu manhajar da ke bin su. Sai aka gyara. A jihar Haryana aka yanke awa guda a jadawali aka ce ta wannan aiki ce kaɗai, aka sa jami'an da suka fara gwada koyarwar da kansu su riƙa zagayawa. A Uttar Pradesh aka yi ta a matsayin zangon kwanaki goma ko ashirin a jere, ana maimaitawa. Duka biyun suka yi aiki. Dabara ɗaya ce, ta faɗi a nan ta tashi a can, kuma abin da ya raba su shi ne lokaci a jadawali da mai bibiya. Waɗannan biyun kuwa a hannun hedimasta suke fiye da kowa.

Ta biyu ta ƙananan azuzuwa ce: darasin karatu da aka tsara daki-daki, jagoran malami a hannunsa, littafi a hannun kowane yaro cikin harshen da yake ji, da mai zuwa ya zauna a bayan aji ya ga darasi ya ba da shawara. Da wannan Kenya ta yi shirinta na Tusome a duk makarantun gwamnati daga 2015. Irinsa ne littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara. Ka lura, nan ma littafi ne, amma ba irin na Busia ba: da Hausa yake, daga haruffa ya fara, kuma malami ya san shafin da zai buɗe ranar Talata. Saboda haka masu cewa a sayi littattafai ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, a tambaye su wane littafi.

Ga wani ɗan ƙarin da zai yi wa masu son kwamfuta amfani. Kafin Tusome, an gwada hanyoyi uku a yankin Kisumu: na'urar karatu ga kowane yaro, kwamfutar hannu ga kowane malami, ko kwamfutar hannu ga jami'in da ke zagayawa kaɗai. Ci gaban yara ya zo kusan ɗaya a duka ukun, kuɗin ne ya bambanta nesa ba kusa ba. Kenya ta ɗauki mai arahar.

In an ce maka bincike ya nuna

Ba sai ka iya lissafin masana ba kafin ka tace magana. In mutum ya ce bincike ya nuna, ka tambaye shi cikin girmamawa a ina aka yi, da yara 'yan shekara nawa, kuma da wa aka kwatanta su. Tambayar ƙarshen nan ita ce ke kayar da yawancin maganganu. A Kenya an taɓa duba makarantun da ke da manyan taswirorin bango na koyarwa, aka ga yaransu sun fi cin jarrabawa, har ana shirin cewa taswirorin ne. Da aka raba su ta hanyar ƙuri'a, babu bambancin da ya fito. Makarantun da suka mallake su tun farko dama sun fi sauran gata ta wasu fuskoki.

Ka kuma tambayi abin da aka auna. "Malamai sun ji daɗin shirin" daban, "yara sun ƙara yawan kalmomin da suke karantawa a minti ɗaya" daban. Ka tambayi wanda ya biya kuɗin binciken, domin rahoton da mai sayar da kaya ya rubuta a kan kayansa talla ce ko da an cika ta da jadawali. Sannan ka tambayi wanda ya gudanar da aikin. Shirin malaman kwantiragin Kenya da na ambata, da aka faɗaɗa shi aka raba gudanarwa tsakanin wata ƙungiya mai zaman kanta da ma'aikatar ilimi, ya yi tasiri a hannun ƙungiyar, a hannun ma'aikatar kuwa bai yi ba. Irin da ya yi albarka a fadama ba lallai ya yi a jigawa ba, sai ka san ruwan da ya sha.

Jerin EEF da na ambata yana da amfani, amma a karanta shi da wannan idon. Yawancin gwaje-gwajen da ke cikinsa daga Amurka da Birtaniya suke, kuma "wata shida" ko "wata biyu" da za ka gani matsakaici ne na sakamako masu yawa, wasu sama wasu ƙasa. Misali, gaya wa ɗalibi inda ya yi daidai da inda zai gyara yana can saman jerin. Amma wani babban nazari na 1996 ya gano cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen irin wannan, aikin mutane baya ya yi. Jan biro da "ka ƙara ƙoƙari" ba shi ake nufi ba. Duk da haka akwai wuraren da jerin ke da amfani ko a ina, musamman wajen abin da za a bari. Maimaita wa yaro aji, a matsakaici, baya yake mayar da shi, ga kuma haɗarin ya bar makarantar gaba ɗaya. Zancen da ake yawan kawowa a bita cewa kowane yaro na da salon koyonsa, wannan na gani ne wancan na ji ne, a koyar da kowa ta nasa, an bincika ba a samu hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba.

Gwaji a makarantarka

Duk abin da kuka zaɓa, ku ɗauke shi a matsayin gwaji na zango ɗaya ko biyu, ku kuma rubuta tun yau abin da zai sa ku ce ya yi ko bai yi ba. Takardar nan ta mataki huɗu ita ce ma'auninku, sai dai a canza kalmomi da labarin a zagaye na biyu, kuma kada malami ya gwada yaran da shi ke koyar da su. In kana da aji huɗu A da B, kana iya fara wa ɗaya a wannan zango ɗayan a zango mai zuwa, ka samu abin kwatanci ba tare da an hana kowa ba.

Akwai tarko biyu. In ka zaɓi yaran da suka fi kowa faɗuwa ka yi musu wani abu, a gwaji na gaba za su ɗan tashi ko da ba ka yi komai ba, domin wasunsu ranar farko zazzaɓi ne ko tsoro ya kayar da su. Na biyu, lokaci. Sakamakon da aka ɗauka ana tsakiyar aikin gona ko ranar kasuwa, yaran da suka zo ne kawai ya ƙunsa, kuma sau da yawa waɗanda ba su zo ba su ne masu rauni. Ka riƙa rubuta adadin waɗanda aka gwada tare da sakamakon. Gwajin makaranta ɗaya ba zai zama hujja ga jiha ba, amma ya ishe ka ka san ko za ka ci gaba.

Kada kuma ka ɗauka karanta wa malamai sakamakon bincike a taron ma'aikata zai canza koyarwarsu. EEF da kanta ta gwada aika wa dubban makarantun firamare taƙaitattun bayanan bincike a kan koyar da karatu, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna makin yara bai motsa ba. Abin da na ga yana motsa malami shi ne ya ga abokin aikinsa ya yi darasin a gabansa da yaran da ya sani, shi ma ya gwada, wani ya zauna ya gani, su tattauna bayan an tashi. In hedimasta ya ɗauki rukunin masu haruffa da kansa, ko sau biyu a mako, sauran ba sa buƙatar dogon jawabi.

Iyakar abin

Ban ga makarantarka ba, kuma duk abin da na faɗa a kan zaton matsalar karatu ce. In rufin aji biyu ya yaye, ko babu makewayin da 'yan mata manya za su shiga, ko katanga ta faɗi dabbobi na ratsawa, ba ka buƙatar gwajin ƙuri'a kafin ka gyara. Bincike ya fi auna abin da ke ƙirguwa cikin shekara ɗaya ko biyu, wato karatu da lissafi da zuwa makaranta. Tarbiyya, da amincewar iyaye, da ko uba zai bar 'yarsa ta wuce aji shida, ba sa shiga ma'aunin da sauƙi, kuma kai ne ka san nauyinsu a garinku. Haka nan taɓa jadawali ba hurumin hedimasta ba ne shi kaɗai. Ka je wa sakataren ilimi da sakamakon gwajin yaranka a hannu kafin ka ware awar, ka kuma tambaya ko akwai jami'in da ya taɓa samun horo a kan waɗannan shirye-shirye, da ko akwai ragowar littattafan Hausa a sito.

Da ni ne a kujerarka, kuma allo ya nuna abin da nake zato, zan kai wa kwamiti shawarar a kashe mafi yawan kuɗin a kan littattafan koyon karatu na Hausa ga aji ɗaya zuwa uku, da katunan haruffa da gajerun labarai na awar rukuni ga aji huɗu zuwa shida, da ɗan alawus na masu sa-kai biyu ko uku waɗanda aikinsu rukunonin nan ne kaɗai, ba riƙe aji ba. Zan ajiye wani kaso don zango na biyu da na uku, tunda alawus ɗin da ya tsaya a wata na huɗu ya fi rashinsa ɓarna.

Saura mai gudummawar. Mai bayarwa yakan so abin da zai gani ya nuna wa mutane, kuma wannan ba aibi ba ne, shi ya sa kwamfuta ke da farin jini a irin wannan zama. Ka gayyace shi ranar gwajin farko ya zauna kusa da kai ya ji yara biyar da kunnensa, ka kuma sa masa ranar da zai dawo a ƙarshen zango ya sake jin waɗannan biyar ɗin. In bayan haka har yanzu yana son a sayi na'ura, ku sayi guda ɗaya ta ofis don ajiye sakamakon yara, sauran kuɗin su tafi inda kuka tsara.